Sunan da Ke Ƙasan Shafi

Kun zo kun cika mini tabarma da wayoyinku a hannu, wai in nuna muku gidajen tsofaffi, sauran aikin kun iya. A ganinku rakiya ce kawai. Ɗalibi ya zo daga jami'a, a kai shi wurin tsohuwa, ta yi magana, waya ta ɗauka, a sallami kowa. To, tunda kun ce in faɗa a rubuta, ku rubuta. Ni ban taɓa zama a aji ba, ko baƙi ɗaya ban sani ba na boko. Amma takardar nan ba za ta fita gidana ba sai an karanta mini ita, kuma ba wadda ta rubuta ce za ta karanta ba.

Sunana Kulu. Da dillanci na fara a nan Gummi, a bayan Gwaggo Tumba, ƙanwar mahaifina. Ni ke ɗaukar ƙullin atamfa da kwanonin sha, ita ke yin ciniki. A wurinta na koyi shiga gidan kulle: wa ake fara gaidawa, ina ake ajiye takalmi, wane gida ne in kin sha ruwa a cikinsa dole ki sha a na kusa da shi. Babban abin da ta koya mini shi ne riƙon baki. Takan ce, "Kulu, maganar gida ki bar ta cikin gida. In dole ta sa ki hwaɗi, ki ce an ce." Da wannan "an ce" garin nan yake zaune lafiya. Da shi ake gaya wa mutum laifinsa ba a yi faɗa ba, da shi ake hana auren da bai dace ba, kuma ba wanda za a kama.

Mai binciken da na fara gani wani malamin tarihi ne, dogo, mai yawan share gilashinsa. Waƙoƙin niƙa da na daɓe yake nema, ga shi namiji, ba ya wuce zaure. Aka haɗa shi da Gwaggo. Ya ba mu rikoda mai nauyin bulo, muka ɗora ta a faifai muka shiga da ita, tsofaffi suka yi waƙa har kaset ya cika. Da muka fito ya saurara, ya ji daɗi, sai ya buɗe littafinsa ya ce, "Wace ce ta yi ta farko?"

Gwaggo ta ce, "Waƙa ta, an daɗe ana yin ta."

Ya ce, "Na sani, Hajiya. Amma bakin wa na ji ta?"

Ta ce, "An ce dai."

Ya yi dariya ya ce a wurinsu babu "an ce". Duk maganar da ya rubuta sai ya nuna inda ya samo ta, in ba haka ba za a ce ƙirƙira ya yi ko sata. Abu huɗu yake so a kan kowace tsohuwa: sunanta, shekarunta, garin da aka yi hirar, da ranar. Tun daga wannan zauren na gane inda sana'ar take. Gari yana so a ce an ce, littafi yana so a ce wance ta ce, ke kuma kina tsaye a tsakani. Wadda ba ta gane wannan ba, gara ta zauna gida ta yi awara.

Kayan aikin ba su da yawa. A da kaset ne da batir, da biro na naɗe zaren kaset in ya tsinke ko ya warware. Batir in ya yi sanyi mu shanya shi a rana ya ƙara ɗan numfashi. Sai goro da sabulu da turare, don ba a shiga wurin tsohuwa hannu sake. Sai hijabi na ajiya, saboda ɗalibai mata da ke zuwa da gyale kamar rariya. Yanzu waya ta kori rikoda, ni kuwa ban yarda da ita ba. Rikoda tana da jan ido, in yana ci kowa ya san ana ɗauka. Waya sai a kifa ta a cinya kamar tana barci, alhali tana jin har tarin akuya. Dokata ita ce a ajiye ta a faifai a tsakiyar ɗaki, fuskarta sama. Wanda ya ƙi, in tashi in kaɗe zanena.

Shafinsu ban iya karanta shi ba, amma na san fuskarsa kamar yadda na san atamfa mai zuba. Akwai fili babba a hagu, wai don ɗinki. Akwai tazara tsakanin layi da layi, wadda har yau nake zargin don kundin ya yi kauri ne, ko da yake sun ce don malami ya samu wurin jan biro. Waƙa a tsakiya ake tsayar da ita, a matse ta daga gefe da gefe. Maganar wani kuma ana sa mata 'yan farata biyu a farko da ƙarshe. Sai ɗan lamba ƙarami kamar ƙwaro a saman kalma, a ja layi a ƙasan shafi, a maimaita lambar, a rubuta mai maganar. Masu tarihi a ƙasa suke sa nasu. Wasu sassan jami'a kuma a cikin rubutun suke maƙala suna da shekara, sauran bayanin sai ƙarshen kundi, wurin da suke kira manazarta. Shi ya sa tambayata ta farko ga kowane ɗalibi ita ce, naku na ƙasa ne ko na ciki? Domin na ƙasa ya fi tona mutum. Maganar tana sama, mai ita tana ƙasa, ido ɗaya ya ga duka.

Shekaru su ne wahala ta kullum. Tsohuwa ba ta san lamba ba. Sai in tambaye ta, da aka yi yunwar nan kina da goyo ko kina budurwa? Wa ke sarauta da aka kai ki ɗaki? Mu lissafa tare, ɗalibi ya rubuta ya sa "kimanin" a gaba. Wanda ya ƙi sa "kimanin" ɗin nan na san maƙaryaci ne a sauran wurare ma.

Akwai wani aiki da na yi a Bukkuyum a kan kaɗi da saƙa. Da kundin ya dawo aka karanta jerin sunaye a gidan liman, sai ga wata Abu, matar mahauci, yarinya ƙarama, ta zo a farko, mahaifiyar liman kuma can ƙasa saboda sunanta Yalwa. Ɗalibin ya ce bin baƙaƙe aka yi, ba raini ba ne, kuma gaskiyarsa ce. Tsohuwar ta ce, "Baƙaƙen ba su san babba ba?" Gidan nan ya rufu gare ni har ta bar duniya. Tun daga nan nake faɗa wa kowace tsohuwa tun kafin ta buɗe baki cewa a ƙarshen littafi ba a bin girma.

Sai masu zama gindin itace su haifi tsofaffi da biro. Wani ya rubuta cewa ya yi hira da Gwaggo Tumba a gidanta, ya sa rana da wata. Ranar kare kundi, malamin da aka gayyato daga waje ashe ɗan Gummi ne, yana cikin waɗanda suka yi wa Gwaggo salla tun kafin ranar da ɗalibin ya rubuta da damina biyu. Daga nan malamai suka tsananta. Suna son suna cikakke, wani lokaci har su kira a waya su tabbatar. Ban ga laifinsu ba. Amma ni duk tsawon shekarun nan ban taɓa yarda a sa sunana a kundin kowa ba, ko a shafin godiya. Ni mai kai mutane ce, ba mai magana ba.

Mummunar shekara ita ce ta gubar dalma. Kuna yara lokacin. Maza suna kawo dutsen zinariya gida, mata na dakawa a turmin da ake daka hatsi, ana shanya garin a tsakar gida, yara na rarrafe a kai. Yara suka riƙa sanƙarewa suna mutuwa a Dareta da Tungar Daji da ƙauyukan da ke kewaye. Likitoci suka zo, aka kwashe ƙasar gidaje, Allah ya saka musu. Amma bayansu sai ga masu tambaya mota bayan mota. Kowa yana neman Kulu, na yi zaton kasuwa ce ta buɗe. Mata suka faɗi abin da suka gani, wasu maganganun suka dawo gari da sunayen masu su, maza suka ji. A ƙasar Anka aka daina amsa sallamata. Na koma ɗaukar ƙullin atamfa da tsufana, kuma ko atamfar sai a karɓa daga bakin ƙofa. Kafin gidaje su sake buɗewa, hanyoyi sun lalace da 'yan bindiga.

Aikin da nake so ku ji ya zo ne bayan wannan da shekaru. Wata ɗaliba ce, Rukayya, 'yar Gusau, tana rubutu a kan waƙoƙin alhini na mata. Na kai ta wani ƙauye a ƙasar Anka, ba zan faɗi sunansa a nan ba, wurin wata mata mai suna Luba. Luba ta rasa ɗanta na fari a shekarar gubar. Mijinta ya rasu daga baya a ramin haƙa. Garin iyayenta ya tashi, ba ta da inda za ta koma, don haka tana zaune da 'ya'yanta mata biyu a gidan wan mijinta, Mamman. Shi ke riƙe da rumbu, shi ke auna mata hatsi.

Muka zauna a ɗakinta, waya a faifai. Ta yi waƙoƙi na kowa da kowa, sannan ta sassauta murya ta yi wata da ban taɓa ji ba:

Baƙona, baƙon safe,
Ka sha ruwa ba ka zauna ba.
Wa yak kawo dutsi gida?
Mai rumbu yak kawo dutsi gida.
Ni nid daka, ni nit tankaɗe,
Kai kay yi rarrahe bisa.

Rukayya ta tambaye ta wurin wa ta koya. Ta ce ba ta koya wurin kowa ba, tata ce. Ni kuwa tuni na leƙa ƙofa. A gidan nan mai rumbu ɗaya ne.

Na ce wa Rukayya, "Wagga ba ta shiga da suna."

Ta ce, "Akwai hanya, Inna. Malamar da ke duba aikina ta yarda a sakaya suna in akwai dalili. Sai in rubuta cewa an ɓoye sunan mai waƙar don kare ta, muryar kuma ta zauna a hannun malamar. Amma in an ɓoye, duka ake ɓoyewa. Ba suna, ba gari, ba wani abin da zai nuna gidan."

Na ce haka za a yi. Na kai hannu zan ɗauke faifai. Sai Luba ta ce, tana kallon ƙasa, "In anka ɓoye ni, shi hwa?"

Rukayya ta ce, "Shi wa?"

Luba ba ta amsa ba, kuma ba za ta amsa ba. Ku na yanzu kuna ƙwala wa ɗan fari kira da sunansa a tsakiyar kasuwa. Mu a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi gaban mutane, in ya rasu ba ta kuka a gani. Luba ba ta taɓa kiran yaron nan da sunansa ba yana raye, kuma da aka ɗauke shi ba ta fito ba. Masu tambayar wancan lokaci sun ƙidaya shi cikin yara kaza na ƙauye kaza. Na bayyana wa Rukayya.

Ta ce, "In na rubuta sunansa, an gane ki ke nan. Ɓoyewar ba ta da amfani."

Luba ta ce, "To kar ki ɓoye."

Na ce, "Luba, ki san inda kike kwana. Ɗan Mamman shina karatu birni. Littahin ga ba akwati za a rufe shi ba, yanzu har cikin waya ake zuba su. Ran da anka karanta mai, ina za ki da 'yan matan ga?"

Ta ce, "Inna Kulu, ku tahi. Ku dawo bayan ran kasuwa."

A hanya na tsare Rukayya. Na ga ɗalibai da yawa da idonsu ke ƙyalli in sun ji abin da zai ƙawata musu kundi. Na ce, "Gaya mini gaskiya, ke kina son sunan?"

Ta ce, "Da suna ya fi ƙarfi a gaban malamai, Inna, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ko babu shi zan ci."

Rabin maganar na yarda da shi. Na ce ta ba ni wayar ta kwana a wurina har mu koma. Ta ba ni, ban zaci za ta bayar ba.

Da muka koma, tun daga zaure na ji gidan ya canza. Matar Mamman ta amsa sallama a taƙaice, ta ja ni gefe ta ba ni labari. Washegarin zuwanmu da safe, Mamman yana zaune a ƙofar ɗakinsa da ƙwaryar kunu, Luba ta jawo turmi tsakar gida ta zuba gero, ta ɗaga taɓarya, ta yi waƙar nan tun daga farko har ƙarshe da murya sama. Mamman ya ajiye ludayi ya fita, bai dawo ba sai bayan isha. Shi ma ya binne ɗiya a waccan shekarar, kowa ya sani. Bai ce wa Luba ta fita ba. Amma ya daina amsa gaisuwarta, awo kuma ta hannun matarsa yake aikowa, kuma mudun ba ya cika kamar da.

Na shiga na ce, "Luba, don mi kika yi haka?"

Ta ce, "Ban so ya ji ta bakin takarda. Ya ji ta bakina. Yanzu mi ya rage a ɓoye?"

Na mayar wa Rukayya da wayarta, ta ajiye ta a faifai. Ta tambayi Luba sunanta da na mahaifinta, ta faɗa. Muka lissafa shekaru, aka sa "kimanin". Sai ta ce, "Sunan yaron?"

Luba ta ja mayafi ta rufe baki, ta juyo ta dube ni. Na san sunan. Ni na sayar wa gidan da zanen goyonsa, ina wurin aka raba goron suna. Na ce, "Lawali."

Rukayya ta rubuta. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Inna Kulu, sunan mahaifinki?"

Na ce, "Mi ya kawo ni ciki?"

Ta ce, "Waƙar tata ce, za ta sami lambarta. Amma sunan daga bakinki ya fito. Ba zan rubuta cewa ta faɗi abin da ba ta faɗa ba."

Na ce, "Ki sa an ce."

Ta ce, "Kin fi ni sanin ba a sawa."

Yarinyar ba ta yi mini rashin kunya ba, dokar da nake tsare wa wasu ce ta miƙo mini. In na ƙi, sunan ba shi da madogara, malamarta za ta soke shi, Luba kuma ta rasa cikar mudu a banza. Na faɗi sunan mahaifina. Na faɗi sana'ata da garina. Da aka zo shekaru na ce ta sa "kimanin", kuma kada ta ƙara mini ko ɗaya.

Kundin ya zo bayan kaka, baƙin bango da rubutun ruwan zinariya. Rukayya ta nuna mini shafin, na sa zare a wurin, na ce ta zauna ta sha fura ina zuwa. Na kai wa mai kemis na bakin kasuwa, wanda bai san komai a kan maganar ba, na ce ya karanta mini ƙasan shafin. Daga nan na wuce wurin wata malamar islamiyya a wata unguwa, ban gaya mata abin da ya karanta ba. Bakinsu ya zo ɗaya. Lamba ta farko Luba ce, da garinta da ranar. Ta biyu ta ce baƙon da ke cikin waƙar ɗanta ne na fari, Lawali, kuma sunan an same shi ne daga Kulu dillaliya, Gummi, saboda mahaifiyarsa ba ta faɗinsa.

Sannan muka kai wa Luba. Mun same ta tana dakau, don da shi take cike gurbin awo yanzu. Ta wanke hannu ta goge a zane. Ba ta ce a karanta ba, ta ce a nuna mata wurin. Rukayya ta kama yatsarta ta ɗora a kan sunan. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe ɗan ƙarami anka rubuta shi."

Rukayya ta ce, "Haka dokar take, na ƙasan shafi ƙanana ake yin su."

Luba ta ce, "Ya yi. Shi ma ɗan ƙarami na."

Tana nan a gidan har yau da 'yan matanta. Mamman bai sake amsa sallamata ba, kuma in na je ƙauyen da atamfa, ta ƙofar baya nake shiga.

Gobe akwai wani ɗalibi da zai zo neman waƙoƙin daka, zan tafi da ɗaya daga cikinku ta riƙe mini faifai, kada ta yi magana. Kafin nan, ke mai jan hijabi, tun da na fara magana wayarki take kife a cinyarki. Juyo da ita sama in gani.